LAFIYA UWAR JIKI: Tabon Sanƙarau Mai Gushewa

Da zarar hunturu ya ja baya, zafin bazara ya kunno kai, sai fargabar sanƙarau ta sauka a gidaje tun daga Senegal har zuwa Habasha. Mutanen Arewa ba su manta da shekarar 1996 ba, sa'ad da cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kuma hallaka sama da 11,000.

Shi sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya, mafi muninsa kuwa shi ne wanda ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa. A waɗansu manyan asibitoci akan ɗauki hoton cikin kan majiyyaci da na'urar MRI, wadda ke aiki da ƙarfin maganaɗisu. Wani lokaci hoton yakan nuna farin tabo mai siffar ƙwai a ƙarshen gadar jijiyoyin da ta haɗa ɓarin dama da ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. Da iyaye sun ji wannan labari sai gabansu ya faɗi, su ɗauka ɗansu ya nakasa ke nan har abada.

Alhali kuwa sau da yawa ba haka abin yake ba. A cikin shekarar 2004 waɗansu likitocin ƙasar Japan suka ba da labarin majiyyata masu irin wannan tabo, waɗanda suka warke sarai, tabon kuma ya ɓace da aka sake ɗaukar hoto. Daga baya an ga irinsa ga masu sanƙarau, da masu zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da waɗanda sukarin jininsu ya faɗi ƙwarai.

Dalili shi ne, yayin da jiki ke yaƙi da cuta yakan saki waɗansu sinadarai masu sa ƙwayoyin halitta na wannan wuri su sha ruwa su kumbura, ba tare da sun mutu ba. Idan magani ya ci ƙarfin cutar sai ruwan ya janye, tabon ya gushe, galibi cikin 'yan makonni.

Amma fa ba kowane tabo ke gushewa ba. Sanƙarau yana iya toshe jijiyar jini, ko ya tara mugunya ko ruwa a cikin kai, waɗannan kuwa sukan bar lahani. Har wa yau, hoto yana iya fitowa fes, amma yaro ya tashi da kurumta, domin cutar takan lalata can cikin kunne. Saboda haka ya wajaba a gwada jin duk wanda ya tashi daga wannan jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum 6 da suka kamu da irin na bakteriya 1 yakan mutu, cikin 5 kuma 1 yakan sami nakasa mai tsanani.

Abin lura dai, hoto ba ya warkar da kowa. Ruwan da likita ke ɗiba daga gadon baya shi ke tabbatar da cutar, allurar kashe ƙwayoyi kuwa ba ta jiran hoto. Duk wanda ya ga zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, to, ya garzaya da majiyyaci asibiti a ranar. A 2024 Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare mutum daga iri 5 na ƙwayar cutar. In masu rigakafi sun zo unguwa, maigida ya fito da 'ya'yansa. Allah ya sawwaƙe.