Raddi Ga Masu Cewa Ƙaramar Bindiga Ce Maganin Tsuntsayen Gona



Wani ɗan'uwa mai karatu, wanda ba na shakkar kishinsa ga talaka, ya kawo shawarar a sassauta wa manoman Ajekoriya da sauran ƙauyukan gundumar Dakoro su mallaki ƙaramar bindigar nan da ake kira .22, domin su tsare geronsu daga tsuntsaye. Madogararsa manoman Niyuzilan da Ostareliya ne, waɗanda da ita suke rage ɗawisun da ya bar gidaje ya hayayyafa a daji. Hujjojinsa huɗu ne, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko: ya ce abin da ya yi maganin ɗawisu zai yi maganin tsuntsunmu.

Malam, ƙiyasi ba ya inganta sai illa ta zama ɗaya. Ɗawisu ɗan asalin Indiya ne, namijinsa yana kai kilo 4 zuwa 6, macen ba ta cika wuce ƙwai 8 a shekara ba, garkensa kaɗan ne, kuma kullum a kan doguwar bishiya ɗaya yake kwana. Wanda ya harbe goma ya rage garken. Shi kuwa tsuntsunmu jan baki nauyinsa wajen giram 20 ne, ƙwansa yana ƙyanƙyashewa cikin kwana goma, yana bin damina daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma masana sun kiyasta yawansa a Afirka da biliyan ɗaya da rabi. Ga kuma ɗan'uwansa mai ruwan ɗorawa da ke sheƙa a itatuwan ƙaya na Sahel. Harsashi ɗaya tsuntsu ɗaya yake kayarwa. A ce garken dubu ɗari ya sauka, a ce maharbi gwani yana kashe hamsin a yini: sai ya yi kwana 2,000 kafin ya gama, alhali daga lokacin da gero ya yi tumu zuwa girbi ƴan makonni ne. A Ostareliyar da Malam ya kafa hujja da ita, a 1932 an tura sojoji da manyan bindigogi su yaƙi jiminar ƙasar da ke cin alkama. Sun harba kusan harsashi 10,000, ba su kashe dubu ɗaya ba daga cikin wajen 20,000.

Hujja ta biyu: ya ce ƙaramar bindiga ce, haɗarinta kaɗan ne.

Ƙanƙantar harsashi ba ta hana shi kisa. Kaurinsa milimita 5.6 ne, dalmarsa ba ta kai giram 3 ba, amma yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma ya shahara da zamewa a kan abu mai tauri ya sauya hanya. Manomin Niyuzilan yana harbi ne a cikin makiyaya mai shinge, maƙwabcinsa na can nesa. Malam ya tuna gonar Ajekoriya a watan Satumba. Gero ya fi mutum tsayi, taku goma ba ka ganin na gabanka. A cikinsa akwai mace a sunkuye tana roron wake, akwai yaro a kan rumfa yana jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, akwai yarinya ɗauke da ƙwaryar fura tana bin iyakar gona, a gefe kuma ɗan Fulani yana kora shanu a burtali. Tsuntsun yana kan zangarniya, daidai tsayin kan mutum, ko yana kan gawo, inda duk harsashin da ya kuskure zai je ya sauka a wurin da maharbin bai sani ba.

Hujja ta uku: ya ce ko ba a kashe da yawa ba, ƙarar za ta kore su.

Kowane mai tsaron gona ya san tsuntsu yana sabawa da ƙara. In ma ya tashi, gonar maƙwabci zai faɗa, wato an kwashe ɓarna daga gidan mai bindiga an kai gidan wanda ba shi da ita. Sannan wanda ya sayi harsashi da kuɗinsa ba zai ɓata shi a kan abin da bai kai loma ɗaya ba. Zabon daji zai nema, da kurciya, da hasbiya, daga nan hannu ya kai ga balbela da shamuwa, masu cinye mana fara. A 1958 ƙasar Sin ta yi gangamin kashe gwarare don ceton hatsi, ƙwari suka samu sarari, ala tilas aka janye umarnin a 1960. Doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta ɗaure farauta a Nijar da lasisi da lokaci saboda irin wannan. Gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, aka kuma kai masa raƙuman dawa takwas daga Kure a 2018, a arewacin jiharmu ta Maradi yake. In bindiga ta yawaita a ƙauyuka, gandun ma ba zai tsira ba.

Hujja ta huɗu: ya ce manomi mai hankali ne, ba zai juya ta kan mutum ba.

Na yarda manomanmu masu hankali ne, amma fushi ba ya shawara da hankali. Dakoro tana bakin iyakar noma da kiwo da dokar 1961 ta shata. Lokacin da tsuntsu ke sauka a gona, bai da nisa da lokacin da garkunan arewa ke gangarowa tun ba a gama kwashe dammuna ba. Jihar Maradi ba ta manta da Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a watan Oktoba na 1991, akasarinsu mata da yara. Yau kuma ƴan bindiga sun addabi yankunan Madarunfa da Gidan Runji, suna neman makami duk inda yake. Tun 1994 ƙasa ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai. Ba daidai ba ne hannu ɗaya yana tattarawa, ɗayan yana rabawa. Malaman fiƙihu sun gabatar da kore ɓarna a kan jawo amfani. Kada garin neman gira a rasa ido.

Ban musa ɓarnar ba. Wanda tsuntsu ya mayar wa zangarniya tsirara ya san baƙin cikin rumbun da bai cika ba. Sai dai maganin na taro ne. Tun 1965 ƙasashen yankinmu suka kafa ƙungiyar OCLALAV domin yaƙi da fara da tsuntsaye, saboda sun gane abin ya fi ƙarfin gona ɗaya. A sanar da malaman gona da zarar an ga makwanci ko sheƙa. A yi shuka lokaci ɗaya, domin gonar da ta nuna ita kaɗai ce ke ɗaukar ɓarnar gari duka. A nemi irin gero mai gashi a zangarniya da mai saurin nuna, a tuntuɓi cibiyar INRAN ta Tarna. A koyi kamu da raga a makwanci da dare, kamar yadda masu tarko na Chadi ke kama jan baki buhu-buhu su sayar a Injamena. Wannan ya fi feshin guba, wanda ke haɗawa da tsuntsayen da ba su ci ba su sha ba.

Ina roƙon Malam ya janye wannan shawara, ya juya alƙalaminsa wajen nema wa Ajekoriya raga, da iri, da malaman gona masu isowa a kan lokaci. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.