Abin da Degas ya gani a bayan labule, wayoyin Gusau ba sa ɗauka

Wanda ya fara cin karo da zanen Edgar Degas na 'yan matan da ke rawar bale ta Turawa zai iya cewa aikin bai ƙare ba. Layuka a karkace, launin alli a goge, wani lokaci ma bakin takarda ya yanke hannun wata yarinya. Da gangan ne. Degas, Bafaranshen da ya rayu daga 1834 zuwa 1917, yana cikin masu zanen da suka baje kolinsu a Paris a 1874, waɗanda aka yi wa ba'a cewa abin da ido ya kama a ƙiftawa ɗaya kawai suke zanawa.

Ba tsakiyar fili kaɗai ya kalla ba. Sau da yawa yarinyar a zaune take, ta sunkuya tana murza idon sawu, ko tana ɗaure takalmi, ko tana hamma don gajiya. Yawancinsu 'ya'yan talakawa ne, kuma a gefen wasu zane-zanen akwai attajiri cikin baƙar kwat, a tsaye yana jira. Wanda ya san halin duniya ya san abin da yake jira.

Irin wannan kallon ne ya yi ƙaranci a Zamfara. Ranar biki a Gusau wayoyi na sama, kowa na ɗaukar lokacin da kalangu ya yi zafi. Ba mai juya wayar ga makaɗin da ya koma gindin bango yana gyara tsarkiya, ko ɗan taurin da ke share zufa yana ƙirga abin da aka liƙa masa.

A ƙauyuka da dama na Tsafe da Bunguɗu kuwa, tsoron 'yan bindiga ya kashe dandali. Magariba na yi kowa ya shige gida. Yarinyar da ba ta ga gaɗa ba, me za ta koya wa ƙanwarta? Muryar Kassu Zurmi ta tsira a kaset. Takun 'yan taurin da yake yi wa kiɗa fa?

Wasu za su ce akwai maganar malamai kan zana mutum, kuma a jihar da ta ƙaddamar da Shari'a a 1999 wannan ba abin wasa ba ne. To, a ajiye alli. Wayar da ke hannu ta isa, in mai ita zai jira a watse, ya nemi izini, ya tambayi tsohon makaɗi sunan kiɗan da ya buga da wanda ya koya masa.