Guzurin Mai Shiga Ilmin Haɗe-haɗen Kabon

'Yan'uwana malamai, akwai wani reshe na ilmin kemistiri da ke ka da ɗalibai da yawa a jami'a, watau ilmin haɗe-haɗen kabon, wanda ake kira oganik. Ni a ganina laifin namu ne, mu da muka sallame su da hadda kurum.

Jami'a takan nemi sakamako mai kyau a kemistiri, da fizis, da lissafi, da Turanci. To, wannan takarda ce. Guzurin gaske shi ne yaro ya san yadda ƙwayoyin zarra ke riƙe juna, da abin da ya sa kabon ke da hannu huɗu, da bambancin asid da kishiyarsa.

Ga misali. Kabon 2, da haidirojin 6, da oksijin 1, in an jera su ta wata hanya sai a sami barasa mai tafasa a digiri 78. In an sake jeri sai a sami iska. Ƙidayarsu kuwa ɗaya ce. Ina hadda za ta fid da yaro a nan?

Saboda haka ni da yumɓu da tsinken tsintsiya nake shiga aji. Kowa ya mulmula kabon guda, ya soka masa tsinke huɗu, ko wanne ya nisanci ɗan'uwansa iyakar nisa. Sa'an nan sai su ga ashe ba a kwance suke kamar zanen allo ba. Uku sun kafu kamar duwatsun murhu, guda ya dubi sama. Surar iskar mitan ke nan, ko kwabo kuwa ban kashe ba.