Kujerar Bakin Taga: Daga Kano Zuwa Ikko

A watan Nuwamba na 1925, lokacin da jiragen sama suka fara sauka a Kano daga ƙasar Masar, kallo sama ya koma. Yau kuwa, ga wanda Allah ya hore wa kuɗin tikiti, kallo ƙasa ya komo, muddin ya san kujerar da zai nema.

Tsakanin Kano da Ikko wajen mil 520 ne ta sama, tafiyar kamar sa'a ɗaya da rabi. Sau da yawa fasinja yakan biya kuɗi masu yawa, ya yi ta roƙo a ba shi bakin taga, amma ya sauka bai ga kome ba sai fiffike da hasken rana. Dalili kuwa shi ne bai lura da abubuwa uku ba.

Na farko rana. Jirgin da ya tashi daga Kano kudu maso yamma yake dosa. Saboda haka da hantsi rana tana hagunsa, da la'asar kuwa tana damansa. Wanda ya zauna ɓangaren rana, haske zai kashe masa ido, tilas ya ja marufin taga. Watau ke nan mai tafiyar safe ya nemi dama, mai tafiyar yamma ya nemi hagu. In za a komo Arewa sai a juya lissafin. A jirgi mai kujeru shida a jere, irin Boeing 737, harafin A shi ne tagar hagu, F kuwa ta dama.

Na biyu fiffike. Kujerun tsakiyar jirgi bisa kansa suke, yakan tare ƙasa ƙaf. Na bayansa sun fi dama-dama, sai dai zafin da inji ke fitarwa yakan sa abu ya riƙa rawa a ido kamar kawalwalniya. Gaban fiffike ya fi ko'ina. Har ila yau akwai layin da ba ya da taga sam, bango ne kurum, don haka ya kyautu a tambayi ma'aikaci tun wurin awon kaya.

Na uku lokaci. Da hunturu hazo yakan lulluɓe ƙasa, da damina kuma gizagizai. Kaka ta fi, bayan ɗaukewar ruwa, kafin buji ya sauko.

To, wanda ya dace da ukun nan, me zai gani? Hanyar jirgi takan ɗan sauya, amma galibi zai bar jar ƙasar Kano da gonakinta, ya bi ta wajen Zariya. Na hagu yakan hangi Kaduna da tafkin Shiroro, da Kogin Kaduna yana miƙawa har ya faɗa Kwara kusa da Pategi. Na dama kuwa, in sarari ya yi kyau, yakan hangi ruwan Jebba. Da an haye Kwara sai itatuwa su soma kauri, kore ya yi ta ƙaruwa, har a kai ga jajayen rufin kwano na Ibadan.

Abin lura a nan shi ne, daga ƙafa dubu 30 ba a ganin iyakar jiha ko ɗaya. Ba wanda zai iya nuna inda Arewa ta ƙare, Kudu ta fara. Ƙasa ce guda tana sauya launi sannu a hankali. Yaron da aka zaunar a nan ya sami darasin da taswirar makaranta ba ta iya ba shi, gama gani ya kori ji.

Amma fa dattijo mai yawan zagayawa, da mai jego, gara su zauna bakin hanya, su bar wa yara tagar.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.