An Kashe Maciji, Ba a Sare Kansa Ba

Duk wanda ya tsaya a tashar Adjamé da hantsi, hayaƙin gbaka yana shiga masa ido, ya san inda man fetur yake ƙarewa. Cikin iska ne. Iskar kabon da take fita daga wannan mai ita ce take ƙara wa duniya zafi, tana hargitsa damina.

Yanzu masu haƙar mai sun zo da magana mai daɗin ji. Sun ce za a kama iskar a binne ta a ƙarƙashin ƙasa, ko kuwa a dasa itatuwa su shanye ta. Binnewar ba tatsuniya ba ce, gama Norwe ta fara yi a Sleipner tun 1996. Amma tun 1972 aka soma tura iskar cikin tsofaffin rijiyoyi a Teksas ta Amurka, domin ta koro ragowar man da ya maƙale. Yawancin iskar da ake kamawa, aikinta ke nan. Ashe hannun dama yana kashe wuta, na hagu yana ƙara itace!

Ga misali a gida. A 2021 kamfanin Eni na Italiya ya gano mai a Baleine, cikin tekun Kwaddebuwa, a 2023 kuwa aka fara fitar da shi. Aka yi shela cewa za a biya bashin hayaƙin da gyaran daji da rarraba murhu mai ƙarancin cin itace. Lalle murhun alheri ne, dashen ma haka. Amma lissafin ya tsaya kan hayaƙin aikin haƙa da sarrafawa kaɗai. Na man da za a ƙona a motoci, wanda ya fi yawa nesa, ba ya ciki. Mai awo a kasuwar Treichville, in ya auna mudu ɗaya ya kira shi buhu, wa zai saya?

Mutanen Abijan suna da dalilin yin hankali. A 2006 jirgin Probo Koala ya kawo dattin mai, aka zubar cikin gari, mutane kimanin 100,000 suka nemi magani. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Saboda haka kada kowa ya yi tafi sai ya yi tambaya: nawa aka binne, nawa aka saki, wa ya auna? Itacen da aka dasa bana, gobara tana iya cinye shi baɗi. Man da aka ƙona kuwa ba ya komawa rijiya.