Windows 10 ta yi ritaya, ina makomar laftof ɗinmu na hannu?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba. Da yawanmu mun wuce labarin a Facebook kamar bai shafe mu ba. Alhali mu ɗalibai ya fi shafa.

Ga dalili. Yawancin laftof ɗin da muke saya a Beirut Road na hannu ne, kuma da dama ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma in an daina toshe mata ɓaraka, ta zama gida ba ƙyaure. Sai kuma mu ɗora mata manhajojin kirak, waɗanda ba mu san me aka cusa a cikinsu ba.

Na ga illar haka da idona. A zangon da ya wuce an ba rukuninmu aikin haɗa fim na minti biyar, muka zaɓi marinar Ƙofar Mata. Kwana uku muna ɗaukar masu rini a bakin karofi. Ana gobe za mu miƙa, manhajar kirak da aka saka min a wani shago ta ƙi buɗewa. Wallahi a daren nan ban runtsa ba. Wata 'yar ajinmu ce ta turo mana Kdenlive a filash, muka sake haɗawa tun daga farko.

Irin waɗannan manhajoji ba sata ba ne, ba kuma ɗanɗano ba ne. Masu su sun halatta wa kowa ya sauke, ya gyara, ya raba. Audacity na gyaran murya don shirin rediyo. GIMP na hoto. Scribus na tsara jarida. LibreOffice na rubutu da lissafi. Linux Mint kuwa na iya farfaɗo da tsohuwar laftof gaba ɗaya. Sau ɗaya za ka sauke, unguwa guda ta kwafa. Tunda hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Kada a ce abin talaka ne. Jihar Kerala a Indiya ta daɗe da ɗora makarantun gwamnati a kan Linux. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice.

To, amma a faɗi gaskiya: in ka je neman aiki a gidan talabijin ko Kannywood, mai yiwuwa Premiere za a tambaye ka. Sai dai wanda ya iya yanka hoto da daidaita sauti, sauya manhaja ba zai ba shi wuya ba. Sana'ar tana hannu, ba a sunan kamfani ba.

Roƙona ga malamanmu: a auna aikin, ba manhajar da aka yi shi da ita ba. Mu kuma kada mu jira daren miƙa aiki. Ka sauke ɗaya a hutun nan, ka gwada ta da bidiyon sunan gidanku. In ta yi, ka tura wa na kusa da kai.