Idan Gaggafa Ta Sauka a Unguwarku

Babu ɗalibin da bai san tsuntsuwar da ke saman tambarin Nijeriya ba. Ja ce, ta buɗe fukafukanta, ga fararen dawakai biyu a ƙasa da ita. Muna ganin ta a bangon fasfo da ƙofofin ofisoshin gwamnati, kuma da sunanta ake kiran ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, wato Super Eagles. Amma a shiga aji a tambayi ɗalibai, wa ya taɓa ganin ta da rai, tana shawagi ko tana hutawa a kan itace? Da wuya a ga hannu biyu ko uku a sama.

Hausawa da yawa suna kiran tsuntsuwar tambarin nan mikiya. Sai dai ƙamus ɗin Bargery, wanda aka buga a 1934, ya nuna cewa mikiya wata babbar 'yar'uwar ungulu ce, mai cin mushe. Wadda take farauta da ƙafafunta, ta kama abu da ransa, ita ce gaggafa. Yana da kyau mai koyon Hausa ya rarrabe su, ya kuma haɗa da shaho da shirwa, domin duk dangin juna ne amma halinsu ya bambanta. A nan gaggafa nake nufi.

Mutane suna zaton sai a ƙungurmin daji ake samun gaggafa. Ba haka abin yake ba. Akwai wata baƙa mai dogon tukku a ka, mai idanu rawaya, wadda take son bakin gonaki da fadamu da gefen hanya. Idan ta tashi, za ka ga farin tabo a kowane fiffike. Takan zauna a kan falwaya, wato turken wayar lantarki, ta daɗe tana duban ƙasa. Akwai kuma mai kamun kifi, mai farin kai da farin ƙirji, wadda ake gani a bakin manyan koguna da tafkuna irin tafkin Kainji. Garuruwanmu suna ta faɗaɗa suna cinye gonaki, saboda haka ba abin mamaki ba ne wata rana a wayi gari da gaggafa a kan itacen da ke bayan makaranta.

To, me yake faruwa idan ta sauka? Kowa ya sani. Kallo ya koma sama, yara su taru da ihu, wani ya ɗauki dutse, wani ya ruga gida ya ɗauko danƙo. Can kuma ga wani babba yana lissafin abin da zai samu idan ya kai ta kasuwa, domin akwai masu sayen kai da ƙafafu da gashin irin waɗannan tsuntsaye don haɗa magani ko tsafi. A ganina wannan asara ce, kuma abin kunya ne ga ƙasar da ta ɗora tsuntsuwar a kan tambarinta. Abin da ya dace shi ne a tsaya daga nesa a kalle ta, wanda yake da waya ya ɗauki hoto, a bar ta ta tafi lokacin da ta ga dama.

Na san abin da mai kiwon kaji zai ce: "Malam, kai kana maganar hoto, ni kuwa 'yan tsakina ake kwashewa." Kukansa yana da dalili, domin kaza dukiya ce ga talaka. Amma ya kamata a yi bincike kafin a yanke hukunci. Galibi shirwa da shaho ne suke surar 'yan tsaki a tsakar gida. Ita gaggafa mai tukku, yawancin abincinta ɓeraye ne, kuma mun san ɓarnar ɓera a rumbu da ɗakin ajiya. Wani irin ɓera ne ma yake yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Wanda ya kashe mai cin ɓera don ya kare kaza, ya yi gudun gara ya faɗa wa zago. Maganin sura shi ne a kife 'yan tsaki da kwando ko a sa su a akurki har su yi ƙwari.

Akwai wani dalili da ya fi wannan nauyi. Kaza takan ƙyanƙyashe 'ya'ya goma a cikin kwana 21, amma manyan tsuntsaye masu farauta ba sa hayayyafa da sauri. Ɗauki gaggafar da Hausawa suka fi sani, mai jar fuska da jajayen ƙafafu da ɗan guntun bindi, wadda take karkata dama da hagu idan tana shawagi. Ƙwai ɗaya tak take yi. Tana kwanci a kansa kusan wata biyu, ɗan kuma ya shafe fiye da wata uku a sheƙa kafin ya tashi. Sai ya shekara 7 ko 8 kafin gashinsa ya zama irin na manya. Dutse ɗaya na iya rushe aikin waɗannan shekaru a cikin ƙiftawar ido. A 2020 ƙungiyar IUCN, mai lura da halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa wannan gaggafa cikin jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Wanda yake shakka ya tuna da ungulu. Iyayenmu sun san ta a kowace mahauta da kasuwa, amma a garuruwa da yawa yau sai labari, kuma tun 2015 take cikin rukunin da ya fi kowane kusa da ɓacewa.

Sai dai kada a ɗauka cewa duk mai riƙe da kyamara abokin tsuntsu ne. Nan ne nake so ɗalibai su natsu. Mai ɗaukar hoto yana iya cutar da gaggafa ba tare da ya taɓa ta ba. Yana son hoto na kusa, sai ya yi ta matsawa har ta tashi. Ta sauka a wani wuri, ya sake bin ta. Duk tashin da ta yi ƙarfinta take ƙonawa, ga farautar da ta rasa. Tsuntsuwar da kanta za ta gaya maka iyakarka: idan ta daina duban ƙasa ta zuba maka ido, ko ta miƙe wuya tana shirin tashi, ka yi kusa da yawa, sai ka ja da baya. Gaggafa ta fi mutum ƙarfin gani nesa ba kusa ba, don haka kada ka yaudari kanka cewa sanɗa kake yi ba ta gan ka ba.

Batun sheƙa ya fi tsanani. Idan aka kori uwa daga kan ƙwai, rana tana iya dafa shi, ko hankaka ya zo ya fasa. Saboda haka ba a hawa itacen da sheƙa take, ba a sare reshe don hoto ya fito sarai, ba a kuma tara jama'a a gindinsa. Sannan a yi hattara da abin da ake sawa a Facebook ko WhatsApp. Wayoyi da yawa suna liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi, kuma ko babu wannan, allon makaranta ko hasumiyar da ta fito a bayan hoton ta isa ta nuna wa maharbi hanya. Ka nuna wa duniya tsuntsuwar, amma wurin sheƙarta ya zama sirri tsakaninka da malaminka.

Wani zai ce wayarsa ba ta ɗaukar abu mai nisa, hoton zai fito kamar ɗigon tawada. Gaskiya ne, amma akwai dabara. Fita da sassafe ko da la'asar, lokacin da hasken rana yake da taushi, ka sa rana a bayanka. Jingina hannunka da bango ko itace don kada ya yi rawa. Idan makarantarku tana da madubin hangen nesa, ɗora idon kyamarar wayar a kan idon madubin, za ka sha mamakin abin da zai fito. Kuma tun da a unguwa kake, kada ka saita waya wajen gidan mutane ba tare da sallama da neman izini ba. Kai tsuntsu kake gani, mai gida kuwa tagarsa yake gani.

Ko hoton da bai yi kyau ba yana da amfani idan aka rubuta rana da lokaci da sunan gari. Cibiyar A. P. Leventis ta nazarin tsuntsaye, da ke Laminga kusa da Jos, tana jagorantar aikin tattara bayanan inda kowane irin tsuntsu yake a Nijeriya, kuma 'yan sa kai ne suke aika mata da yawancin bayanan. Nijeriya tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900, masana kuwa ba za su iya shiga kowace unguwa ba. A Ibadan da Lekki akwai ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye da suke fita tare, ƙwararru suna koya wa sababbi. Makarantar da take nesa da su tana iya kafa nata kulob da littafin rubutu guda ɗaya da wayar malami. A shafin farko a rubuta sunayen nan huɗu, gaggafa da mikiya da shaho da shirwa, kowanne da sunansa a harshen ɗalibai na gida, a bar fili a gabansa don ranar da aka fara ganin sa.